Kwalaben da Surajo Ya Kai Safana

Surajo mutumin Darini ne, can ƙasar Batsari, amma akasarin waɗanda suka san shi a kan babur suka san shi. Ubansa ya rasu ya bar masa gona da shanun huɗa da ƙanne mata. Ya aurar da ƙannen, ya riƙe gonar iya ƙarfinsa, har zuwa shekarar da mutanen daji suka fara shigowa da rana tsaka ba ko kunyar ido. Suka kore shanun, gonar kuma ta koma wurin da ba a zuwa sai an yi wasiyya. Ya sayar da ɗan hatsin da ya rage, ya sayi babur na hannu, ya shiga kabu-kabu.

Ba shi da surutu, kuma ba shi da bin ƙwaƙƙwafi. In ka ba shi ƙulli ka ce ya kai Runka, yadda ka ɗaure shi haka za a kwance shi a can. Saboda haka mata suka fi kowa son aikensa. A cikinsu akwai wata dattijuwa Dije, matar Malam Barau mai unguwar wani ɗan ƙauye da ke bayan Tsaskiya, ana ce masa Unguwar Muntaka. Ita ce ta dube shi ta ga mutum, ta yi ruwa ta yi tsaki har aka ba shi 'yarta Mardiya. Da zaman Darini ya gagara gaba ɗaya, ita ce kuma ta sa aka yanka masa fili a bayan gidansu ya yi ɗaki biyu.

Abokan sana'arsa ba su bar shi ya sha ruwa ba. Da ya tsaya a tasha sai ka ji ana, “Ga ango mai tarewa! An ba ka izinin fitowa yau?” Sai ya yi murmushi ya ce da babu gara ba daɗi. Abin da ba su sani ba, zaman ya fi yadda suke zato nauyi. Unguwar Muntaka duk zuriyar mutum ɗaya ce, wanda ya auri 'yar gida ɗaya ya zama surukin gari duka. Daga ƙofarsa zuwa masallaci sai ya durƙusa har gwiwa ta gaji. Ba ya cin abinci a gaban kowa, ba ya dariya da ƙarfi. Shi dai ya ɗauka, don sun ba shi mata da wurin kwana a lokacin da ba shi da ko ɗaya. Aka haifa masa 'ya, Amatullahi, ya fara jin kamar shi ma ɗan gari ne. Wannan jin shi ya yaudare shi.

A shekarun baya, in amai da gudawa ya ɓulla a ƙauyen, wata ma'aikaciyar lafiya ce ke zuwa daga Safana, sunanta Malama Mahfuza, Surajo ne ma yakan ɗauko ta. Takan shiga ɗakin mara lafiya ta saki labule, ta tsoma wani ɗan tsinken gwaji a cikin bahayar, kafin a gama gaisawa a waje tsinken ya nuna ko cutar ce ko ba ita ba ce. Babu wanda ya ga komai sai ita, ita kuwa baƙuwa ce, da yamma ta koma inda ta fito. In an ga cutar, ba a jimawa mota take zuwa da ledojin ƙarin ruwa da maganin da ake zubawa a rijiya.

To daminar da ake magana a kanta, komai ya canza. An sace wani ma'aikaci a hanya, aka hana sauran fita ƙauyuka. Tsinken gwajin ya ƙare, ba a sake aikowa ba. Motar kuma ta zama ɗaya tilo ga ƙasa mai faɗi, aka ce ba za ta taka ko'ina ba sai inda ɗakin gwaji na birni ya tabbatar da ƙwayar cutar. Ana cikin haka ciwon ya faɗa wa Unguwar Muntaka. Ya fara da yara, ya kama manya, aka binne mutum uku a jere, sannan ya kwantar da Dije.

Surajo ya bi ayarin 'yan kasuwa ya isa Safana, ya sami Mahfuza. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ɗauko kula ta jera wasu 'yan kwalaben roba masu murfi a ciki.

Ta ce, “Malam Surajo, ni an ɗaure min ƙafa, kai ne ƙafata. Gwajin da ya rage shuka ne. Ana ɗibar bahayar mara lafiya a shuka ta a faranti kamar iri, in ƙwayar tana da rai ta tsiro, a gan ta. In ta daɗe a hanya ta mutu, ba za ta tsiro ba. In mutum ya riga ya sha kafso, ba lallai ta tsiro ba. Sai na mai ciwon, ɗanye, kuma da wuri. Ranar kasuwa mai zuwa za a zauna a yanke inda motar za ta. Ka kawo min kafin nan.”

Ya koma da kular a ɗaure a bayansa, ya wuce kai tsaye zauren Malam Barau, inda dattawa ke zaune sun yi jugum. Ya cire takalmi ya durƙusa, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu ya mai jiki. Sannan ya faɗi saƙon, kansa a ƙasa, yana kewaye-kewaye don kada bakinsa ya kama sunan abin a gaban surukai. Duk da haka sun gane.

Wani tsoho ya ce, “Wai mi yaron ga ke faɗi? Mu ba shi, shi da hannunshi, ya goya a baya?”

Surajo ya ce, “Baba, a gafarce ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In babu wannan, motar ba za ta zo ba.”

Malam Barau ya daɗe yana jan carbi. Can ya ɗaga kai ya ce, “Wagga magana gaskiya ce. Aje kwalaben, Malam Surajo. Ni zan raba su da kaina, gobe da safe ka same su. Allah shi yi maka albarka.”

Har ya miƙo masa hannu, abin da bai taɓa yi ba tun ranar ɗaurin aure. Surajo ya kama hannun da hannu bibbiyu, ya fita zuciyarsa fes.

Da safe Mardiya ce ta kawo masa kular. Kowace kwalba an nannaɗe ta da baƙar leda an ƙulle tam. Ya ɗaga murfin kular ya ga ƙulle-ƙullen, ya mayar ya rufe. Ko da ba halinsa ba ne barin ƙulli yadda aka ba shi, wane suruki ne zai kwance ya leƙa? Ya tambaye ta jikin Inna, ta ce da sauƙi, idonta na kan ƙasa.

Ran nan babu ayari. Shi kaɗai ya kama hanyar, yana bin gefen gonaki inda dawa ta yi tsawo. A wani kwari ya jiyo ƙarar babura da yawa, ya kashe nasa ya tura shi cikin dawa, ya kwanta a laka ya rungume kular a ƙirjinsa. Suka wuce kusa da shi har yana jin warin hayaƙinsu. Bai yi tunanin kansa ba sai bayan sun yi nisa. Ya isa Safana kaca-kaca, yana jin ya yi abin da zai iya tsayawa da shi gaban Allah.

Mahfuza ta sa safar hannu ta shiga ciki da kular. Ba ta jima ba ta leƙo ta kira shi gefe.

“Wa ya ba ka waɗannan?”

“Mai unguwa da kansa.”

“Babu na mai gudawa ko ɗaya a nan. Wannan na ƙananan yara ne masu lafiya. Ko na tura birni, abin da za a ce shi ne garinku lafiya lau.”

Ya tsaya yana kallon bakinta. Ya ce ko dai ta sake dubawa. Ta ce da makaho ne ma ya gane, ta faɗa masa a hankali don ta ga yadda fuskarsa ta koma. Ta ba shi wasu kwalaben, ta ce za ta yi magana a wurin zaman, amma magana ba ta tsirowa a faranti. Aka zauna, aka tura motar wani gari da ke bakin kwalta, wanda kwalabensa suka isa da wuri. Su ma mutane ne, su ma suna mutuwa, babu wanda zai ce an yi zalunci.

Da ya koma gida bai biya ta zaure ba. Ya sami Mardiya tana wanke kayan uwarta a bayan ɗaki.

Ya ce, “Mardiya, na wa kika ba ni?”

Ta ci gaba da cuɗa zanen.

“Tambayarki nake.”

Ta ce, “Baba ne ya tara mu. Ya ce kowane gida a sa na yaro, ai duk cikin gida ɗaya ne, ruwa ɗaya ake sha, in akwai cuta za a gani.”

“Na Inna fa?”

“Na Amatu na sa.” Sai ta fashe da kuka. “Baban Amatu, so kake in ɗauki na mahaifiyata in miƙa maka? Da wane ido za ta sake kallonka? Ita ma cewa ta yi gara ta mutu.”

Ya ce, “Kin san hanyar da na bi. Kin tsaya kina kallo na ɗaura kular, ba ki ce min komai ba.”

Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Dattawan dai a ce rashin sani ne, sun ɗauka gwaji duba ne, da ɗan abin da ya taɓa gidan ma ya isa. Amma da sun ce masa ba za su iya ba, da ya nemi wata dabara, ko wata mata daga Tsaskiya ta karɓa, ko wani baƙo ya goya. Suka zaɓi su sa masa albarka su sallame shi cikin daji da kayan banza. Matarsa kuma, wadda ya kwana yana maimaita mata bayanin Mahfuza kalma-kalma, ita ce ta ƙulle ledar.

Bai yi fushin da zai hana shi aiki ba. Ya bi gidaje da sababbin kwalaben yana roƙo ta bayan katanga. Wasu mata biyu da suka riga suka binne 'ya'ya suka ba shi na gaskiya. Amma a tsakanin nan wani mai tallan magani ya ratsa ƙauyen da kwali a ka, kowa ya sha kafso ja da yalo kamar gyaɗa. Ga shi kuma rafi ya kawo, Surajo ya yi ta jira a bakinsa rana na dukan kular. Da sakamakon ya dawo daga birni, aka ce babu abin da ya tsiro. A idon hukuma, Unguwar Muntaka ta zama ƙauyen da aka gwada aka ga babu komai.

Dije ta rasu a cikin makon. Surajo na cikin waɗanda suka haƙa kabarin, ya yi kuka irin wanda suruki ba ya yi a bainar jama'a. Ita ta jawo shi garin, ita kaɗai ke aiko masa da fura ba tare da ya ji kunyar sha ba. Bayan ta aka binne wasu, har mutane suka daina zaman makoki, sai dai a yi addu'a a watse.

Sai ciwon ya kama Amatullahi. Da hantsi ta fara, kafin azahar idanunta sun faɗa. Mardiya ta ɓare kafso za ta jiƙa mata, ya riƙe hannunta ya karɓe. Wannan karon babu wanda zai roƙa. Ya ɗiba da hannunsa ya rufe kwalbar, ya sa Mardiya ta goya masa yarinyar a ƙirji da zani, kular a baya, gorar ruwan gishiri da sukari a rataye. Yana tafe yana tsayawa yana ɗura mata. Allah ya tsare hanya, rafin ma ya janye. A Safana aka sa mata ƙarin ruwa, kwalbar ta wuce birni a ranar. Yarinyar ta rayu, ƙwayar kuma ta tsiro.

Motar ta zo da rakiya, Surajo na gabanta a kan babur yana nuna hanya. Aka kafa rumfa a gaban zauren mai unguwa, aka rataya ledojin ruwa, aka zuba magani a rijiyar gari. Mutuwa ta tsaya. Da a ce labarin mutanen kirki ne zalla, da a nan ya ƙare.

Shugaban ma'aikatan, wani saurayi mai fara'a da bai san komai game da ƙauyen ba, ya tara jama'a don ya yi musu bayani. Ya ce an gwada wasu gidaje a garin nan ba a sami komai ba, sai a gidan Malam Surajo aka sami ƙwayar, don haka daga can za a fara feshi. Iyakar abin da ya sani ya faɗa. Ma'aikata suka nufi ɗakunan Surajo da tankin feshi a baya, gari duka na kallo.

Kafin la'asar magana ta zaga. Ashe daga gidan baƙo abin ya fito. To wa ke yawon garuruwa kullum? Wa ke goyon ƙazantar mutane a bayansa ya shigo da ita gari? Ai ga shi likitoci sun faɗa da bakinsu, gidajenmu an gwada lafiya lau. Masu faɗin haka su ne dai waɗanda suka ƙulle ledojin da hannunsu. Wasu sun san ƙarya suke, wasu kuwa har sun fara yarda da ita, don ta fi gaskiyar sauƙin haɗiya. Mutumin da ya binne ɗansa yana bukatar wanda zai tsana, kuma ba ya son ya zama shi ne. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

A masallaci aka bar masa sarari dama da hagu. Mata suka hana 'ya'yansu zuwa ƙofarsa. Surajo ya jira. Ya san mutum ɗaya ne zai iya kashe maganar da kalma biyu, kuma ya yi imani zai yi, ko don jikarsa. Da jiran ya yi yawa, ya sami Malam Barau shi kaɗai a zaure da safe. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa ya ƙarin haƙuri.

Ya ce, “Baba, ka ji abin da ake faɗi.”

“Na ji.”

“Kai ka san abin da aka sa a kwalaben farko.”

Tsohon ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Ya ce, “Malam Surajo, in na tashi na ce ni na hana motar ga zuwa, da wane baki zan sake yi ma mutanen nan magana? Waɗanda suka mutu ɗiyan 'yan'uwana ne. Nan aka haife ni, nan za a rufe ni, ba ni da wani gari. Kai kuwa kana da babur. Ka ɗan matsa zuwa Safana har ƙura ta lafa. Ɗiyata ta zauna tukuna ta riƙe min gida, ka ga babu kowa.”

Maganganu sun cika wa Surajo baki, na laka da dawa da kabarin Dije, duk ya haɗiye su. Ya ce, “Na ji, Baba.” Abin da ake ce wa suruki ke nan.

Mardiya ta haɗa masa kayansa tana kuka. Ta ce in ya ce ta bi shi za ta bi shi. Ya dube ta, ya ga da gaske take, ya kuma ga bai san yadda zai sake karɓar ƙulli daga hannunta ba, sai ya ce ta zauna da mahaifinta. Amatullahi ta riƙe masa ƙafar wando, ya ɓamɓare yatsunta a hankali ya miƙa ta ga uwarta.

Yana Safana har yanzu, yana kwana a shagon wani mai faci, yana kabu-kabunsa. Duk wanda ya tambaye shi mutumin ina ne, sai ya ce Darini.

Ranar da ya bar ƙauyen, hanyar fita ta bakin rijiya take. Bai tayar da babur ba, tura shi ya yi, don kada ya tayar wa masu ɗiban ruwa ƙura. Mutane sun yi layi da jarkoki da tuluna, ruwan na ƙamshin magani, yara na wasa a gefe. Ya yi musu sallama. Duk suka duƙufa a kan guga, babu wanda ya ce masa a sauka lafiya.